Sistocin Katolika: Yamma na Raguwa, Afirka na Ƙaruwa

A shekarar 1965 Amurka na da sistocin Katolika kusan 180,000. Yau ba su kai 40,000 ba, kuma akasarinsu sun haura shekara 70. A duniya baki ɗaya adadin ya sauko daga kimanin miliyan ɗaya a 1970 zuwa ƙasa da 600,000. Amma a Afirka ƙaruwa suke yi.

Sista mace ce da ta ɗauki alkawari uku: zaman talauci, rashin aure da biyayya. Bayan horo takan yi alkawarin wucin gadi na shekara uku zuwa shida, kafin na har abada. Wasu, kamar 'yan ƙungiyar Karmel, kulle suke yi, addu'a ce sana'arsu. Mafi yawa kuwa suna aji ko asibiti, ƙarƙashin shugaba da aka saba kira Uwa.

Da yawa suna ɗora alhakin raguwar kan Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965. Da gaskiyarsu: taron ya jaddada cewa tsarkin rai ba na masu alkawari kaɗai ba ne, matar aure ma tana iya kaiwa. Dokokin sutura da na zama suka sassauta, dubbai suka fice. Sai dai babban dalilin yana wajen coci. A da, gidan sistoci ne kusan hanya ɗaya tilo da 'yar talaka za ta yi ilimi mai zurfi har ta shugabanci asibiti. Da jami'o'i da ma'aikatu suka buɗe wa mata ƙofa, wannan fifiko ya kau. Haihuwa ma ta ragu. Mai 'ya'ya takwas zai iya ba Ikilisiya ɗaya, mai biyu kuwa jika yake jira.

Makarantun Katolika ne suka fara ji a jikinsu. Sistocin da ke koyarwa kusan kyauta sun ragu ƙwarai, aka ɗauki malamai masu albashi, kuɗin makaranta ya tashi, da yawa suka rufe. Ƙungiyoyin sistoci na haɗewa ko sayar da gidajensu don jinyar tsofaffi. A 2023, Sisters of Charity ta New York ta sanar da daina karɓar sabbin shiga.

A Najeriya labarin ya juye. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga Ayaland a 1948, 'yan Dominikan suka sauka Gusau daga Amurka a 1956. Yanzu ƙungiyoyin gida, irin su Handmaids of the Holy Child Jesus da aka kafa a Kalaba a 1931, su ne ke tura mata aiki Turai da Amurka.

Sai dai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abubuwan da ke cika gidajen horo a Afirka, wato yawan 'ya'ya, ƙarfin ibada da tsadar karatu, su ne suka cika na Amurka a shekarun 1950. Ga kuma matsalar kuɗi: matasan suna Afirka, dukiyar tana hannun ƙungiyoyin da ke tsufa a Yamma, tallafinsu kuma zai ƙafe tare da su. Ƙungiyar da ba ta fara tanadin fansho da hanyar riƙe kanta tun yanzu ba, yawan da take alfahari da shi yau shi ne nauyin da zai danne ta gobe.