Masa Ba Ta Maganin Tamowa

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp tsakanin matan Birnin Kebbi da Argungu kan yadda za a inganta masa. Akwai gaskiya a cikinsa, shi ya sa ƙaryar ta samu wurin fakewa.

Gaskiya ne, zuba garin waken suya ko fasa ƙwai a ƙulli na ƙara sinadarin gina jiki, wanda farar shinkafa ke da ƙarancinsa. Batun cewa yawan kanwa na ƙarfafa ƙashi kuwa shirme ne, asali ma lalata bitamin B1 take yi.

Inda saƙon ya zama haɗari shi ne da'awar cewa masa mai garin zogale na warkar da tamowa, wai ba sai an je asibiti ba. Wanda ya faɗi haka bai san me ake kira tamowa ba. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, ka danna da yatsa gurbin ya zauna, ko awon damtsensa ya gaza santimita 11.5, cutarsa ta wuce ta yunwa kawai. Idan ya ƙi cin abinci, kwantar da shi ake yi, a fara masa da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, domin ɗura masa abinci mai nauyi farat ɗaya na iya taɓa zuciyarsa. Wanda yake iya ci kuwa RUTF ake ba shi, kwaɓin gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin, leda ɗaya mai giram 92 na ɗauke da kalori 500, a haɗa masa da maganin ƙwayoyin cuta. Zogale na da amfani, amma babu hujjar da ta nuna yana maye gurbin waɗannan.

Ba na ganin laifin uwar da ta yarda. Ga tanda a madafi, ga zogale a bayan ɗaki, kuɗin mota kuma ya yi tsada. Mai laifi shi ne wanda ya naɗi muryarsa yana kwaikwayon likita, alhali kowace rana da aka ɓata a gida ƙara wa yaron haɗari take yi.

A ci gaba da sa waken suya, a ci masa da miyar taushe da kifin Argungu, wannan rigakafi ne mai kyau. Amma da zarar an ga kumburi ko mummunar rama, a garzaya asibiti mafi kusa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ma suna kula da irin waɗannan yara a Maiyama tun 2022, kuma kyauta ne.