Yadda Kwamfuta Ke Kaifafa Hoton Ƙwayoyin Cuta

Wata hanyar gano tarin fuka ita ce a rina kakin majiyyaci da sinadarin auramin, a haska shi a ƙarƙashin madubin likita, sai ƙwayoyin cutar su yi ƙyalli. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da madubi mai fitilar LED wajen wannan gwaji.

Sai dai irin wannan hoto yakan fito dishi-dishi. A 2018 masana a Dresden, Jamus, suka nuna cewa idan aka horar da kwamfuta da hotuna bibbiyu, maras kyau da mai kyau, za ta iya gyara sababbi. Wannan zai iya taimakon asibitocin karkara irin na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Amma kwamfuta takan ƙirƙiro abin da babu, don haka dole ƙwararren ma'aikaci ya tantance sakamakon.