Karen Da Bai Yi Haushi Ba

Ƴan uwa ɗalibai, a nan Arlit da Akokan mutane da yawa na sauraren labari a cikin waya. Direban da ya ɗauki hanyar Agadas, kilomita wajen 240, yana kunnawa. Mai gadin dare ma haka. Wani ne ya karanta littafi, aka ɗauki muryarsa. A shekarun 1930 aka fara yin wannan a Amurka da Ingila domin makafi. Daga faifai aka koma kaset, yau ga shi a waya.

Cikin labaran da ake saurare a duniya akwai na bincike. Ana yin sata ko kisa, sai wani mai basira ya bi sawu har ya gano mai laifi. Edgar Allan Poe na Amurka ya buɗe wannan hanya a 1841. Bayansa wani likita, Arthur Conan Doyle, ya ƙago Sherlock Holmes a 1887, ya rubuta gajerun labarai 56 a kansa.

Ga misali daga labarinsa na 1892. An sace dokin sukuwa da dare. Akwai kare a bargar, amma bai yi haushi ba. Kowa ya wuce wannan magana, ban da Holmes. Ya gane cewa wanda ya fitar da dokin ba baƙo ba ne, karen ya san shi. Kun gani ko? Abin da bai faru ba shi ya tona asiri.

Wannan basira ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Makiyayin Ayar yana duba sawun raƙumi a rairayi, ya gaya maka ko yana ɗauke da kaya, ko yana ɗingishi.

To, wata rana wani ɗalibina ya ce mini: "Malam, tunda waya na karanta mana, mene ne amfanin wahalar koyon baƙi?" Na ce masa saurare na da daɗi, yana kuma koya wa mutum natsuwa. Amma muryar da ke wayarka ba za ta karanta maka takardar kwangila ba. A 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ma'adinarsa ta Akokan, ma'aikata suka tashi da takardu a hannu. A irin wannan rana, wanda ya iya karatu yana duba abin da aka rubuta da idonsa. Yana kuma lura da abin da ba a rubuta ba, kamar yadda Holmes ya lura da shirun kare.

Saboda haka ku saurara da dare, ku zo aji da rana. In kun ji labari, ku tsayar da shi kafin ƙarshe. Ku rubuta sunan wanda kuke zargi, da dalili ɗaya. Ku kawo mu karanta tare.