Shuka a Tsakar Gida: Wacce Za a Dasa, Wacce Za a Nesanta da Yara



A ƙarshen daminar bara na je Zadawa gaida goggona. Muna zaune a gindin dogonyaro sai ga wata maƙwabciya ta shigo a rikice, saɓe da ɗanta mai shekara huɗu, yana ta amai da gudawa. Da muka matsa wa yayyensa da tambaya, sai suka ce 'ya'yan bini-da-zugu suka fasa a jikin shinge, shi kuwa ya ci har guda biyar saboda ɗanɗanonsu kamar gyaɗa. Muka fara ba shi ruwan gishiri da sukari, aka wuce da shi asibiti a Azare. Allah Ya taƙaita, ya samu sauƙi. Tun daga ranar na ƙudurta yin wannan rubutu, domin shuka a gida alheri ce, amma sai an san abin da aka dasa.

Duk wanda ya san ƙasar Katagum ya san zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Bauchi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Najeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 don tare hamada. To amma inuwar da za ta sanyaya ɗakinku ba gwamnati ce za ta dasa ta ba, ku ne.

Lokacin dashe shi ne watan Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin saiwa ta kama kafin ruwan ya ɗauke. A haƙa rami mai zurfi da faɗin kamu ɗaya, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A yaga ledar dashen a cire ta, kada a binne da ita. A barbaɗa toka a kewaye saboda gara, sannan a kange da ƙaya ko tsohon kwando, don akuya ba ta san wahalar kowa ba. Da rani kuma a riƙa ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa domin danshi ya jima.

Me za a dasa? Idan gidan ƙarami ne, a fara da zogale. Yana fitowa daga iri ko daga reshe, yana jure fari, ganyensa kuma na ɗauke da sinadarin ƙarfe da bitamin A. Idan ya kai ƙugun mutum a datse kansa, sai ya yi rassa maimakon ya miƙe sama kamar gora. Gwanda, gwaiba, lemun tsami da lalle duk sun dace da tsakar gida. Dogonyaro da mangwaro kuwa sai a ba su aƙalla taku bakwai daga katanga, rijiya da ramin masai, domin saiwarsu na tsaga gini.

Yanzu ga inda aikina na harhaɗa magunguna ya shigo. Wasu tsirran da muke sha'awa guba ne. Kariya, mai furen nan ruwan hoda da ake sakawa a tukunya, ruwanta na ɗauke da sinadarai dangin maganin zuciya na digoxin, waɗanda ke iya rikita bugun zuciya. Zaƙami, wanda ba banza aka kira shi haukata-yaro ba, yana kawo bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, zafin jiki da sambatu. 'Ya'yan zurman suna da guba mai ƙarfi idan aka tauna. Farin ruwan tumfafiya yana yi wa ido lahani. Akwai kuma shukar falo mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari, mai suna Dieffenbachia, wadda idan yaro ya tauna take kumbura masa harshe da maƙogwaro. Ko man dogonyaro kada a ɗura wa jariri, yana iya jawo jijjiga da suma.

Shawarata ita ce, gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar ya haƙura da waɗannan, ko a ajiye su inda hannu ba ya kaiwa. Idan tsautsayi ya gitta, uwargida, ki cire ragowar daga bakin yaron, ki kurkure masa. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada ki ɗura masa manja ko madara. Idan a ido ne, ki wanke da ruwa mai tsabta na minti 15. Sannan a tafi asibiti nan take, a riƙe reshe ko 'ya'yan shukar domin likita ya gani.

Abu biyu kafin na rufe. Ruwan da ke taruwa a farantin ƙarƙashin tukunyar fure ko tsohuwar taya maƙyanƙyasar sauro ne, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwai ke zama sauro, don haka a zubar duk mako. Maganin feshi kuwa kada a juye shi a robar lemo, kada kuma a fesa Sniper a kan ganyen da za a ci. Ruwan sabulu kaɗan, ko jiƙon ganyen dogonyaro, kan wadatar ga ƙananan ƙwari.

Goggona ta cire bini-da-zugun da ke nata shingen, ta jera zogale a madadinsa. Da na koma bana, kwaɗonsa aka yi mini da ƙuli-ƙuli.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.