Labarin Yaƙi a Littattafan Yara: Misalin Amurka da Tarihin Kafuwar Suleja

1.0 Gabatarwa

Kusan kowace al'umma tana da wani yaƙi da take ɗauka shi ne mafarin tarihinta, kuma galibi tun yana ƙarami yaro kan fara jin labarinsa. Abin da ya shiga kunnensa a wannan lokaci da wuya ya fita. Wannan maƙala za ta dubi yadda marubutan Amurka suka gabatar wa yaransu artabun farko na neman 'yancin ƙasarsu, sannan ta auna darasin da ke ciki ga mai son rubuta tarihin Suleja da Hausa domin yara. Za a mai da hankali kan abubuwa biyu: bakin da ake jin labari daga gare shi, da kalmomin da aka zaɓa.

2.0 Misalin Amurka

Da asubahin 19 ga Afrilu, 1775, sojojin Ingila kimanin 700 da ke kan hanyar zuwa garin Concord domin lalata makaman da mazauna ƙasar suka tara, suka yi kiciɓis da 'yan sa-kai kusan 80 a dandalin Lexington. Takwas daga cikin 'yan sa-kan suka mutu. Har yau masana tarihi ba su tsai da magana kan wanda ya fara harbi ba.

Littattafan yara a kan wannan lamari sun yi ta sauya murya gwargwadon zamani. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Esther Forbes ta fitar da Johnny Tremain, labarin yaron wani maƙerin azurfa a Boston, mai cusa kishin ƙasa. A 1974, bayan ɗacin yaƙin Biyetnam, James da Christopher Collier suka rubuta My Brother Sam Is Dead, inda yaƙin ya raba gida ɗaya: uba bai yarda da bijire wa Sarkin Ingila ba, ɗa kuwa ya shiga rundunar masu bijirewar. Nathaniel Benchley ya bi wata hanya dabam. Ya rubuta Sam the Minuteman (1969) daga bakin ɗan wani manomi na Lexington, ya kuma rubuta George the Drummer Boy (1977) daga bakin yaro makaɗin ganga a rundunar Ingila. Rana ɗaya ce, yara biyu ne, kowanne da tsoronsa.

3.0 Labarin Suleja

Suleja ma yaƙi ne ya haife ta. Lokacin da rundunar Malam Musa, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya nausa kudu da jama'arsa har ƙasar Zuba. Ruwayar mutanen Abuja ta sa wannan a 1804, masana tarihi da dama kuwa sun fi karkata ga 1808. Makau ya rasu a fagen fama a Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Masarautar ta riƙe 'yancinta har zuwan Turawa a 1902. Bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta wannan tarihi da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Ingilishi da sunan A Chronicle of Abuja a 1952. Aiki ne mai daraja, sai dai bayanin sarakuna da sarautu da al'adu da ke cikinsa ya fi dacewa da manya. Ɗan firamare yana buƙatar tsaransa a cikin labari, wanda zai bi ta idonsa.

4.0 Zaɓen Kalmomi

A nan ne aikin masanin harshe yake. Dubi waɗannan jimloli:

(a) Makau ya gudu daga Zariya.
(b) Makau ya yi ƙaura daga Zariya.
(c) An kori Makau daga Zariya.

Abu ɗaya suke bayani, amma (a) ta jingina masa tsoro, (b) ta nuna zaɓinsa ne, (c) kuwa ta mai da shi wanda aka zalunta, tare da ɓoye aikau ta hanyar lamirin "an". Haka kalmar "Haɓe", wadda asalinta Fulatanci ne, sunan da wasu suka ba wasu ne, ko da yake mutanen Abuja sun karɓe ta. Mafi nauyi duka su ne "mu" da "su", domin da zarar marubuci ya ce "mutanenmu", ya riga ya raba ajin. A ajin firamare na Suleja kuwa akwai jikokin waɗanda suka biyo Makau, da Fulani, da Gwari, da Koro waɗanda aka tarar a ƙasar.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa dabarar Benchley ta dace da wannan tarihi. Ana iya rubuta ɗan littafi daga bakin yaron da ya fita Zariya a ayarin Makau, wani daga bakin almajiri a rundunar Malam Musa, na uku daga bakin yarinyar Zuba da ta ga saukar baƙi. Inda ruwayoyi suka saɓa, kamar batun 1804 da 1808, ya kamata a faɗa wa yaro haka cikin sauƙin harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka wajibi ne marubuci ya san inda kalmominsa ke tanƙwara yaro.