Parakou, inda layin dogo ya tsaya: abin gani daga gar har zuwa Djougou

Layin dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou yake ƙarewa, bayan tafiyar kilomita 438. Faransawa sun soma shimfiɗa shi a shekarar 1900, ya iso garin a 1936, da niyyar a zarce da shi har bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Kusan shekara 90 ke nan ƙarfen bai ƙara ko taku ɗaya zuwa arewa ba, jirgin fasinja kuma ya daina zuwa tun cikin shekarun 2000.

A Faransa da Amurka, idan layi ya mutu, akan tumɓuke ƙarfen a mai da wurin hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke. A Parakou ƙarfen yana nan kwance, domin har yanzu ba a fid da rai ba. Duk da haka, wanda yake son ya gane yadda garin ya zama birni mafi girma a arewacin Benin, mai mutum sama da 250,000 a ƙidayar 2013, to ya fara yawonsa daga bakin layin.

Wurin farko shi ne gar ɗin kanta. Tsayawar layin a nan ita ce ta yi wa garin arziki, don duk kayan da jirgi ya kawo dole a sauke su a loda a kamiyo kafin su kama hanyar Malanville da Gaya, tafiyar da ta haura kilomita 300. A shekarun 1950 hukumomin mulkin mallaka sun ƙirƙiro wani tsari da suka kira Opération Hirondelle, domin gyaɗar Nijar ta riƙa sauka ta Parakou zuwa Kwatano maimakon ta bi ta Kano zuwa Legas. A 1959 aka kafa kamfanin haɗin gwiwar Dahomey da Nijar, wanda daga baya aka sani da OCBN. Bayan gyaɗa sai uraniyom na Arlit ya biyo wannan hanya, man fetur da siminti da shinkafa kuma suna haurawa arewa. Inda ake sauke kaya kuwa ba a rasa direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho da mahauta da masu sayar da abinci. Da yawa daga cikin gidajen Hausawa da Zabarmawan garin ta wannan ƙofa suka shigo.

Ba nisa da gar akwai kasuwar Dépôt, wadda sunanta ma na ma'aikatar jirgi ne. Daga nan sai a nufi tsakiyar gari, zuwa babbar kasuwar Arzèkè. Kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta, arziki zai ji. Sai dai harshen ciniki a cikinta Dendi ne, ɗan'uwan Zabarmanci, masu ƙasa kuma Bariba ne, waɗanda ke kiran kansu Baatombu. Mai sauran ƙarfin ƙafa zai iya kaiwa fadar sarki Akpaki a unguwar Sinagourou, ya kuma tsaya a dandalin Hubert Maga, shugaban Dahomey na farko a 1960, wanda aka haifa a Parakou a 1916.

Unguwar Zongo ce ta fi cancantar a daɗe a cikinta, saboda tana tuna wa mutum cewa baƙi sun san wannan wuri tun kafin a san jirgi. Layin dogo daga kudu zuwa arewa ya miƙe. Tsohuwar hanyar fatake kuwa daga gabas zuwa yamma take: ayari ya tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Parakou, ya yada zango a Djougou, sannan ya wuce Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Jakuna suna tafiya da kanwa da turkuɗi da kayan fata, suna dawowa da goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, madugu yana gaba yana sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito.

Don haka yawon bai cika ba sai an hau mota zuwa Djougou, kimanin kilomita 135 arewa maso yamma da Parakou. Jirgi bai taɓa zuwa can ba. Tsoffin fatake Zugu suke kiran garin, kuma tsarinsa na dā ya kasu gida biyu: Kilir, inda fadar sarki take har yau, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa da malamai Musulmi. Sarki yana ba da tsaro yana karɓar rabonsa, masu masauki suna sauke baƙi, su ajiye musu kaya, su nemo masu saye. Yawan masallatan garin da ƙarfin harshen Dendi a ƙasar da mutanen Yom da Lokpa suka fi yawa, duk gadon wannan zamani ne. Mai lokaci yakan ƙarasa ƙauyukan Tanéka da ke kan duwatsu, kusa da Copargo a hanyar Natitingou.

Abin lura shi ne jirgin da ya rage wa Djougou kasuwa ba na Dahomey ba ne. Yaƙin basasar 1892 ya rusa Salaga, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Borgu biyu, sannan layin dogon Najeriya ya isa Kano a 1911. Daga nan goro ya koma bin teku zuwa Legas, ya hau jirgi zuwa arewa cikin 'yan kwanaki. Jaki ba ya tsere da wannan. Djougou ta tsira ne da zamanta mararraba, inda hanyoyin Togo da Burkina Faso da kudancin Benin ke haɗuwa.

Yanzu irin wannan barazana ce ke kan Parakou. Kamiyoyi sun daɗe da koyon ɗaukar kaya kai tsaye daga tashar jiragen ruwan Kwatano, ba tare da jiran jirgin ƙasa ba. An yi ɗoki a 2014 lokacin da kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, kilomita kusan 140, da alkawarin haɗa shi da Parakou. Aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016. Amma tun a 2015 wata kotu a Kwatano ta dakatar da aikin a ɓangaren Benin, bayan ƙarar da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou ya shigar cewa shi aka fara bai wa kwangilar, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2017. Layin Dosso bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Kayan Yamai suka koma bin Lome da Burkina Faso, masu iyali a ɓangarorin biyu kuma suka koma ƙetare kogi a kwalekwale. Tsakanin ƙarshen ƙarfen Parakou da ƙarshen na Dosso akwai tazarar da ba ta kai kilomita 500 ba, da kogi ɗaya a tsakiya.