Kwana a Mararaba, Aiki a Abuja

Tun da Abuja ta zama babban birnin Najeriya a ranar 12 ga Disamba, 1991, ɗimbin masu yi wa birnin hidima ba su samu wurin kwana a cikinsa ba. Hayar Maitama, Asokoro da Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai ya nufi Kubwa, Lugbe ko Nyanya, ko ya tsallaka Jihar Nasarawa ya kama ɗaki a Mararaba ko Masaka, wani ma har Suleja. Can haya da sauƙi, amma rarar da ya samu hanya ce take cinye ta.

A ce kuɗin motarsa zuwa da dawowa naira 3,000 ne a rana, haɗe da ɗan acaɓan da zai fito da shi bakin titi. A kwana 22 na aiki ya kashe naira 66,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi: sallar asuba a gurguje, tsayuwar tasha ana rububin mota, cunkoson gadar Nyanya zuwa mahaɗar AYA, a dawo gida yara sun yi barci.

To me ya hana shi matsowa kusa da wurin aiki? Ba rashin iya lissafi ba ne, kuma kuskure ne a ɗauka haka. Mai gida a Abuja hayar shekara yake so a dunƙule, ga la'adar ejan, ga kuɗin lauya. Kuɗin mota kuwa kullum ake biya kaɗan-kaɗan, ko da rance ne. Wanda ba zai iya tara na shekara ba dole ya zaɓi na kullum, ko da shi ya fi tsada idan an haɗa.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya dagula lissafin. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. A Abuja wasu suka koma shimfiɗa tabarma a wurin aiki ko masallaci daga Litinin zuwa Juma'a.

Jirgin ƙasan cikin birnin, wanda aka farfaɗo da shi a 2024, yana zuwa filin jirgin sama da Kubwa. Bai leƙa ɓangaren Nyanya da Mararaba ba, inda buƙatarsa ta fi tsanani.